Gwiwar Hamdiya da Lilon Sallah

Duk uwar da ɗanta ya faɗi, gwiwa ta kumbura, gari ya waye bai iya taka ƙafar ba, ina roƙonta don Allah ta karanta abin da ya same mu kafin ta bari wani ya ja ƙafar nan. Mata da yawa a unguwarmu suna tare ni a hanya suna tambaya, na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin famfo, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Sunana Sadiya. A unguwar Asawase ta Kumasi muke zaune, gidan haya mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya. Mayafai da hijabai nake sayarwa a kasuwar Race Course. Maigidana makanike ne, mahaifiyarsa kuma, Hajiya, tana ɗakin da ke kallon namu. 'Yarmu Hamdiya shekararta tara a lokacin, ita kaɗai Allah ya ba mu. Yarinya ce da ba ta san zama ba. In ka aike ta sayen gishiri da gudu za ta tafi, da gudu za ta dawo, ko tuwo a tsaye take cinsa. A wasan ampe kuwa, wanda 'yan mata ke tsalle suna tafi suna jefa ƙafa, babu mai cinye ta a layinmu.

A wajen ampen abin ya faru, ana saura kaɗan a kama azumi. Ta yi tsalle a bakin kwata, ƙafa ɗaya ta sauka a kan siminti, ɗaya ta zurma ciki, jikinta ya juya gwiwar ba ta juya ba. Ina kasuwa ƙawarta Fuseina ta karɓi wayar uwarta ta kira ni tana haki. Kafin in iso gida gwiwar ta yi suntum kamar an cusa mata lemo a ƙarƙashin fata. Hajiya ta riga ta dafa ruwa tana gasawa, ga man kaɗanya a gefe.

"Targaɗe ne," in ji Hajiya. "Ubanta ya yi wanda ya fi wannan. Kada ki tsaya min a kai kina zare ido, Sadiya, miƙo min tsumman can."

Na miƙa mata. Washegari yarinya ba ta taka ba, jibi ma haka. Sai 'yan dubiya suka fara shigowa, kowa da nasa maganin. Wata ta ce a shafa farar ƙasa da tsamiya, wata ta ce baki ne ya kama ta saboda yawan yabon da ake mata, wani kawun maigidana ya ce in muka kuskura muka kai ta asibiti yanke ƙafar za su yi. A ƙarshe Hajiya ta ce a kai ta wurin wani tsoho mai ɗori a unguwar Aboabo, wanda ya taɓa gyara mata hannu shekarun baya, hannun kuma ya warke sumul. Ba zan zage shi ba, mutane da yawa sun sami lafiya a hannunsa. Amma abin da na gani na gani. Ya lallatsa gwiwar ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya. Ya sa maigidana ya riƙe ta ta ƙirji, shi kuma ya kama dunduniya ya ja. Ihun da Hamdiya ta yi, har masu sayar da koko a bakin titi sai da suka leƙo. Aka ɗaure da kara da tsumma muka dawo gida, ya ce nan da sati za ta yi gudu.

Sati ya cika, babu gudu. Ƙafar ta ƙara kumburi har zuwa idon sawu, yatsun suka yi sanyi, yarinya ta daina bari ko zanenta ya taɓa wurin. Ina shago amma hankalina yana gida, mai saye ta tambayi baƙin mayafi in miƙa mata ruwan toka. Ran da aka kai azumi na uku na ce wa maigidana bayan an sha ruwa, "Malam, gobe zan kai ta asibiti. In za ka zo ka zo, in ba za ka zo ba zan goya ta." Da asuba na gan shi ya tsayar da pragya, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofar gida.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti da azumi a bakinsa ba, da yarinya mai kuka a cinya, bai san tsawon wuni ba. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, na hoto kuma a wani gini can ƙetare. Katin inshorarta ya mutu ban sani ba, sai da muka biya komai daga aljihu. Wata nas ta daka min tsawa don na tsaya inda ba a tsayawa, wata kuma, Allah ya saka mata da alheri, ta ga halin da muke ciki ta nemo mana gado mai taya. La'asar ta yi kafin mu shiga wurin likitan ƙashi, wani ɗan ƙabilar Asante mai furfura a gemu. Ya ɗaga hoton ya kalla, ya kalli karan da ke ɗaure a ƙafar, ya cire tabarau.

"Wa ya ja ƙafar nan?"

Ya nuna mana wani ɗan layi a hoton, saman gwiwa kaɗan. Ya ce ƙashin ya tsage, kuma a daidai wurin da ƙashin yara ke ƙara tsawo. Growth plate, haka ya kira shi, kalmar nan har yau tana kunnena. Ya ce jan da aka yi ya gusar da tsagar. In wurin ya lalace, ƙafar za ta iya daina girma 'yar uwarta ta wuce ta, ko ta karkace. Ba za a sani yau ba, ba za a sani bana ba, sai yarinya ta girma ana aunawa. Daga nan ya juya ga Hamdiya da 'yar Hausarsa ta kasuwa.

"Yarinya, kai ba ya taka. Ka ji? No weight. Ko kaɗan."

Sai da suka sa ta barci suka daidaita ƙashin, muka kwana biyu a can. Aka naɗe ƙafar da filasta, wanda a nan muke ce wa pi-o-pi, tun daga cinya har idon sawu. Da muka dawo gida Hajiya ta daɗe tana kallon farar ƙafar nan. Ta shiga ɗakinta ta fito da katifarta mai laushi ta shimfiɗa wa jikarta, ita ta koma tabarma. Maganar mai ɗori ba ta sake fitowa daga bakin kowa ba a gidan.

Na ɗauka wuyar ta wuce, ashe yanzu aka fara. Ciwon ya lafa, amma ka ce wa Hamdiya ta kwanta wuri ɗaya? Satin farko ta ja gindi ta zagaye ɗakin nan kaf, ta kwashe kayan da ke ƙarƙashin gado ta mayar, ta warware min ɗinkin matashi. In ta ji tafin ampe a waje sai ka ga ƙafarta mai lafiya tana motsi ita kaɗai. Na rufe shago na zauna da ita, na ga ba za mu ci abinci ba in na ci gaba da zama, na koma kasuwa, na kasa zama a can ma. Wuni ɗaya sai in hau trotro, motar haya, in dawo gida in duba ta in sake komawa. Maigidana ya sayar da wani injin da ya daɗe yana ajiya, bai gaya min ba sai da na ga wurin babu komai.

A sati na uku ƙaiƙayi ya taso mata a cikin filastar, ga zafin gari. Tana kuka tana dukan simintin da hannu. Ashe in mun fita tsinken tsintsiya take zurawa tana sosawa. Ban gane ba sai da na fara jin wani wari in na matso kusa da ita, ga zazzaɓi da yamma. Muka koma asibiti, muka sake bin layukan nan daga farko. Suka yanka taga a jikin filastar, sai ga gyambo, da guntun tsinke a ciki. Likita ya kalle ni, na kalli ƙasa. Iyaye, in an sa wa ɗanku filasta ku kwashe tsintsiya da cokali da alƙalami daga inda hannunsa zai kai, ku riƙa sunsuna bakin filastar kullum. Ba wanda ya gaya min wannan.

Bayan gyambon ne ta canza. Ta daina jan gindi, ta daina rigima. Ta juya fuska bango. In Fuseina ta shigo da labarin makaranta sai ta yi kamar tana barci. Na sayo mata waakye, shinkafa da wake, daga wurin matar da take so, da taliya da ƙwai, ta ci loma biyu ta ture. Wallahi rigimarta ta fi min wannan shirun sau dubu.

Akwai al'adar da yaran gidanmu suke yi kowace ƙaramar Sallah. Washegarin Sallah iyaye su haɗu su ɗauki mota a kai su wani wurin wasa a bayan gari, mai liluka da motocin karo da jirgin ƙasa na yara. Tun tsakiyar azumi yaran suka fara lissafin abin da za su hau, a tsakar gida, a ƙarƙashin tagarmu. Wata rana ina shafa mata mai a baya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mma, bana ban da ni ko?"

Ban san lokacin da na ce, "Da ke za a je," ba.

Ta juyo. Rabon da ta kalle ni ido cikin ido har na manta. A daren ta cinye tuwonta tas.

Ana jibi Sallah aka cire filastar. Ƙafar ta fito siririya, fata na saɓa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa sai ɗan kaɗan. Aka ɗaura mata wani abin tallafi mai maɗauri, aka ba ta sanduna biyu, aka ce ta fara dafa ƙasa da yatsu kawai. Na tambayi likita maganar wurin wasa. Ya yi dariya, ya ga ba wasa nake ba, ya daina.

"Madam, in da son raina ne ta zauna gida. Amma na san yara. In za ta je, a keken marasa lafiya za ta je. Ban da tsalle, ban da abin da ke karo ko fizga, ban da tsayuwa a layi. In ta faɗi a kan gwiwar nan, aiki za mu yi mata."

A gida Hajiya ta ce sam. "Yarinya da ƙafa kamar sillen kara za ki kai cikin taron Sallah, kowa ya zuba mata ido? Ke wace irin uwa ce mai taurin kai?" Maigidana ya goyi bayan mahaifiyarsa, ya ce ya gaji da asibiti. Na ce musu na riga na yi alkawari, kuma tun da na yi shi yarinya take cin abinci. Muka kwana ba mai yi wa wani magana. Ranar tafiya da safe Hajiya ta tofa addu'a a tafin hannu ta shafe gwiwar, ta ce, "Ku je. In wani abu ya faru kada ki zo min da kuka." Maigidana ya ce yana da motar da zai haɗa. Maƙwabciyarmu Maame Akosua ta ba mu aron keken marigayi mijinta, taya ɗaya na ƙara.

Tun a mota aka fara. Ƙafar da ba ta lanƙwasa ba ta shiga tsakanin kujerun trotro. Sai da muka zaunar da ita a kujerar bakin ƙofa ta miƙe ƙafar a inda yaron mota ke zama, shi kuma ya yi tafiyar a tsugune yana mita da yaren Twi. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a gwiwata.

Wurin wasan kuwa, ban taɓa lura ba sai ranar, ba don mai keke aka gina shi ba. Daga ƙofa tsakuwa ce zalla, tayoyin suka nutse, sai da na juya keken na riƙa jansa da baya. Jama'a kamar an zazzage Kumasi gaba ɗaya a wurin, kiɗa na tashi ta kowane gefe, yara na gudu ba sa kallon gabansu. Ni kuma na zama katanga, ina tare wannan ina ture wancan, bakina bai huta ba: a kula da ƙafa, a kula da ƙafa. Yaran gidanmu suka watse cikin minti ɗaya. Fuseina ta ɗan tsaya tare da mu don kunya, Hamdiya ta ce mata, "Tafi abinki," ta kuwa tafi da gudu.

Muka fara zagaye. Motocin karo, likita ya hana. Lilon kujeru mai wulwulawa, ƙafa za ta yi ta reto, na hana. Dokunan da ke zagayawa, sai an buɗe ƙafa an hau, ba dama. Jirgin ƙasa na yara ne kaɗai ya karɓe mu, shi ma yaran da ke ciki duk masu shan yatsa ne. Ta zauna a cikinsu da sabon leshinta na Sallah, ta fi kowa tsawo, jirgin na tafiya kamar hawainiya. Da ta sauko na sayo mata askirim, ta riƙe har ya narke ya bi mata hannu.

Na ajiye ta a inuwar wata bishiya na je sayen ruwa. Layin bai da tsawo, kuma ina waiwayenta. Na juya in karɓi canji, na waiwayo, keke babu kowa. Sanduna ma babu.

Ban san inda ruwan ya faɗi ba. Ina gudu ina kiran sunanta, kiɗa ya shanye muryata. Na kama wata mata na ce ko ta ga yarinya mai sanduna, ta ce ba ta jin Hausa, na maimaita da Twi, ta nuna min can wajen gidan iska, wannan babban balan-balan da yara ke shiga suna tsalle. Can na hango ta. Ta jefar da sandunan a cikin takalman yara, ta zauna a bakin abin, tana jan gindi da baya za ta shige ciki. Yara sun fi ashirin suna tsalle a bayanta, duk tsallen da suka yi sai ya ɗaga ta ya sauke, ƙafar na bugun ƙasa. Na finciko ta da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Kina so ki gurgunce? Kina so a yanka ki? Hamdiya, kashe ni kike so ki yi?"

Ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun wurin mai ɗori. "To me ya sa kika kawo ni? Kin kawo ni in yi kallo ne? A gida ma ina jin su ta taga! Da kin bar ni a ɗaki!"

Mutane suka taru. Wata ta ce ai laifin uwar ne, wata ta ce kafra, kafra, wato sannu da Twi. Na zauna a ƙasa cikin tsakuwa da kayan Sallata na rungume ta. Gaskiya ta faɗa.

Da kukan ya lafa ta ɗaga kai tana kallon bayana. Babban lilon nan ne mai kama da tayar keke, wanda ke ɗaukar mutane a cikin akwatuna ya kai su sama a hankali ya sauko da su. Ba ya karo, ba ya fizga. Ni dai ko tsani ba na hawa, in na leƙa daga bene jiri nake ji. Na tura keken muka je.

Mai kula da lilon ya kalli ƙafar ya girgiza kai. Ya ce ƙofar akwatin ba za ta rufu ba in ƙafa na miƙe, kuma ba ya barin mai ciwo ya hau shi kaɗai. Na ce in ta zauna a karkace ta ɗora ƙafar a kan cinyar wani fa? Ya ce wa zai hau da ita? Hamdiya ta kalle ni, ta san halina sarai. Na cire takalmana, don ban yarda da santsinsu ba, na yi bisimilla na shiga. Mutanen da ke layi suka ba mu hanya ba tare da mun roƙa ba, wani saurayi ya ɗauke ta cak ya zaunar, ya ɗora min ƙafar a cinya kamar mai ajiye ƙwai. Ban san sunansa ba, Allah ya yi masa albarka.

Abin ya fara tashi. Na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar shiga bayi na karanta. Muna kaiwa can ƙoli sai kiɗan wurin ya mutu ɗif, lilon ya yi wata ƙara ya tsaya. An ɗauke wuta. Akwatinmu ya shiga lilo da mu a sararin Allah, daga ƙasa ana ta ihu a kunna janareta.

"Mma, buɗe idonki."

"Ba zan buɗe ba."

"Mma, jikinki na rawa, kina girgiza min ƙafa. Zauna shiru mana."

Ita ce yau take ce min in zauna shiru. Na buɗe ido ɗaya. Ta kama ƙarfen akwatin da hannu biyu, iska na kaɗa mata ɗankwali, bakinta a buɗe. Rufin kwano jajaye har iyakar gani, itatuwa, motoci kamar kiyashi a kan titi. Ta nuna wata hasumiya can nesa ta rantse masallacin unguwarmu ne, ni na san ba shi ba ne, na ce shi ne. Ta leƙo ta hango Fuseina a ƙasa ta ƙwala mata kira, "Fuseina! Ke kin hau kin sauka, ni a nan nake zaune!" Ta yi dariya har da ƙyaƙyatawa. Mun daɗe a saman nan, masu akwatin ƙasa da mu har sun fara zagi, ita kuwa addu'a take kada janaretan ya tashi. Tun da na haife ta ban taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya da son ranta ba sai ranar.

Kada wanda ya karanta ya ɗauka mun ci bulus. Kafin mu iso gida gwiwar ta kumbura, ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu. Bugun da ta sha a bakin gidan iska ne. Hajiya ta kalli gwiwar ta kalle ni, na jira abin da za ta faɗa, sai kawai ta aika a sayo ƙanƙara. Maigidana ne ya yi faɗan, ya yi mai isarsa. Muka koma asibiti ranar da aka koma aiki. Hoto ya nuna ƙashin bai gusa ba, alhamdu lillahi, amma ruwa ya taru, sai da aka zuƙe da allura, aka mayar da ita kwanciya na wasu makonni. Likita ya ce, "Madam, na ce ban da tsalle." Hamdiya ta ce ai ba ta kai ga yin tsallen ba, an kama ta. Ya rufe fuska da takarda don kada ta ga yana dariya.

Daga nan sai gashin ƙashi, sau biyu a sati, watanni. A nan ake lanƙwasa gwiwar da ƙarfi kaɗan-kaɗan, tana kuka ina riƙe da hannunta. Kasuwata ta ja baya, masu sayena da yawa sun koma wurin wasu. Amma wannan karon ba ta juya fuska bango ba. Tana kuka tana cewa a ƙara.

In za ku kai yaro mai ciwon gwiwa irin wurin nan, ga abin da na koya da jikina. Kada ku je lokacin bikin Sallah, ku bari taro ya watse. Ku je ku biyu manya, don ɗaya ya tsaya a kansa in ɗaya ya matsa. Ku fara zuwa ku kaɗai ku ga ƙasar wurin da abin da zai iya hawa, ku gaya masa gaskiya tun a gida, kada ya je ya tarar da "a'a" a kowace ƙofa. Ko zan sake kai ta in da za a mayar da ni ranar? Ni da maigidana har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

Yanzu shekara ta zagayo har da ɗoriya. Tana zuwa makaranta da ƙafarta, in ta gaji da yamma tana ɗan ɗingishi. Muna komawa awo lokaci-lokaci, a kwantar da ita a auna ƙafafun biyu da tef. Akwai ɗan bambanci, likita ya ce bai kai a damu ba tukuna, sai dai a ci gaba da dubawa har ta gama girma. Kalmar "tukuna" ɗin nan ita ke hana ni sakewa, kuma haka zan zauna da ita shekaru.

A zuwanmu na ƙarshe, bayan ya gama awo yana rubutu, Hamdiya ta ce masa da kanta, "Dokta, yaushe zan yi gudu?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya tashi ya buɗe ƙofar ofishinsa, ya leƙa barandar, ya nuna mata wani benci da ke ɗan nesa. "Daga nan zuwa can. A hankali. Ina kallo."

Ta cire takalmi ta miƙa min. Takun farko ta yi shi da tsoro, na biyu ma haka, sai na ga kafaɗunta sun saki. Ta kai bencin ba ta tsaya ba. Ta wuce masu jiran layi, ta wuce mai shara da bokitinsa, wata nas na ɗaga murya tana cewa ba a gudu a asibiti. Na buɗe baki zan kira ta, likita ya ɗaga min hannu, idonsa na kan gwiwar. Na rufe bakina, na tsaya rungume da takalmanta, har ta sha kwana.